Man da Muka Haɗa wa Inna Kafin Tafiya Makka

A shekarar da na kammala karatun haɗa magunguna a jami'a na dawo gida Daura, kawuna ya samo wa mahaifiyata kujerar Makka. Zamanin ne da arzikin man fetur ya fara isowa har lungunanmu. Jirage suna kwasar maniyyata daga Kano, kuma da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ga gidan da ake shirin tafiya ba. Kawun nawa falken shanu ne, ya daɗe yana safara tsakanin Mai'adua da kudu. Ya ce tare za su tafi da yayar tasa, shi ne muharraminta. Gida ya cika da murna. Inna kaɗai ce murnarta ba ta kai ciki ba, dalilin kuwa ƙafafunta ne.

Faso ne da ita, irin wanda ya wuce kaushi ya zama ciwo. Sana'arta dafa sabulun salo, ta yi shekaru tana tsayuwa a inda ruwan toka ke zuba, har dugaduganta suka tsage suna fitar da jini. Da zarar damina ta ɗauke, iska ta fara bushewa, sai abin ya tsananta, ta koma taka ƙasa da kan yatsu. Wata maƙwabciyarmu da ta sauke farali a shekarar da ta gabata ta ba ta labarin cewa a can, wanda ya kasa tafiya, a kan wani gadon katako ake ɗora shi, ƙarti su ɗauke shi bisa kai su yi ɗawafi da shi. Tun daga ranar Inna ta rage cin abinci. Ta ce ita ba ta ga yadda za a kewaya Ɗakin Allah da ita a bisa kawunan maza ba, tana raye, kamar an ɗauko gawa. Idan ƙafarta ba za ta kai ta ba, gara a ba wa wani kujerar.

Ba ni ta gaya wa wannan magana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake, ba ta karɓar abu daga hannuna. In na shiga gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. Ban taɓa ɗaukar haka a matsayin ƙi ba, domin na san ko wane ne ke aiko mini da dambun nama makaranta, ko da yake kullum da sunan wani yake zuwa. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, mahaifiyar Inna, wadda muke kira Iya. Gidanta yana bayan namu. A wurinta na tashi, kuma bisa al'adar wasan jika da kaka, mijinta take kirana.

Ita ce ta kawo mini labarin, da hantsi, bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki. Ta same ni a zaure ina goge takalmin zuwa aiki.

“Maigida, kai dai ka iya ƙyalƙyale takalmi,” in ji ta. “An ce ka karanta magani har ka ƙure malamanka, ga ƙafar uwarka nan za ta hana ta Makka.”

Na ce, “Iya, ai ke ce likitar unguwa. Ina man naki?”

“Man nawa yana nan, marar kunya. Yana rufe tsagar, kwana kaɗan ta sake buɗewa. Naku na asibiti kuma da aka kawo mata, ta ce ba ta san kitsen wace dabba aka zuba a ciki ba, ta tura shi ƙarƙashin gado.”

Man Iya sananne ne a unguwarmu. Man kaɗanya take saya wurin fataken da ke kawo shi daga kudu, ta narka shi a kasko, ta zuba garin bagaruwa, sannan ta ƙara kajiji da kanumfari saboda ƙamshi. Mata suna aikowa a ɗiba musu a murfin kwano. Na tashi ina ganin ana yin sa, amma sai a wannan rana na zauna na dube shi da idon abin da na koyo. Bagaruwa tana tsuke fata, shi ya sa majema ke aiki da ita, shi ya sa kuma take rufe bakin tsaga. Sai dai ba ta taɓa kaurin matacciyar fatar da ke gefen tsagar, wadda ita ce ke sake darewa in an taka. A nawa ɓangaren, na san wata farar hoda da ake kira salisilik, wadda aikinta tausasa irin wannan fata har ta saki. Na hau motar Kano na sayo ta a kantin magani, na haɗo da ɗan ƙaramin sikeli.

Iya ta daɗe tana juya kwalbar a hannunta.

“Wannan gishirin Turawa ne?”

Na bayyana mata cewa asalinsa daga ɓawon wani itace aka fara samo shi, kafin masana su koyi yin sa a ɗakin gwaji.

“Af, ashe sassaƙe ne,” in ji ta. “Sassaƙen da aka sa makarantar boko ya dawo fari fat, ba ya gaishe da kowa. Kamar wani da na sani.”

Na ce ba zan sa wa Inna abin da ban gwada ba. Da farko na shafa a cikin dantsena na kwana da shi, ban ga ƙuraje ba. Daga nan Iya, wadda ita ma take da nata fason, ta miƙo ƙafafunta ta ce a raba: ta dama tata ce, ta hagu tawa. Muka yi ta shafawa safe da yamma, kowa da nasa man. Duk wanda ya shigo gidan sai ta ɗaga masa ƙafa ta ce ya yi alƙalanci tsakaninta da mijinta. Da mako ya zagayo, alƙalancin bai yi wa kowa daɗi ba. A ƙafar dama tsagar ta rufe, amma dunduniyar tana nan kamar ɓawon goruba. A ta hagu fatar ta yi laushi, sai dai duk inda tsaga take a buɗe hodar tana yi mata raɗaɗi, har Iya ta ce na so in kashe ta in auro yarinya.

A nan muka daina jayayya muka fara aiki. Muka tsara cewa za a fara da nata: a jiƙa ƙafa a ruwan bagaruwa mai ɗumi, a shafa zallan man kaɗanya har bakin tsagar ya haɗe. Bayan haka a koma ga man da aka sa wa hodar, kaɗan ƙwarai, a bisa awo, ana gogewa da dutse a hankali. Na ƙara da kakin zuma, domin man kaɗanya shi kaɗai narkewa zai yi a zafin hanya ya ɓata kayan jaka. Na kuma roƙe ta mu daina ɗora kasko kai tsaye a kan wuta, mu sa shi cikin tukunyar ruwan zafi, kada man ya ƙone. Ita kuma ta nuna mini cewa in aka bar shi ya daskare da kansa tsakuwa-tsakuwa yake yi, sai an yi ta buga shi da muciya yana hucewa kafin ya yi santsi. Mukan zauna a gindin murhu, ni da sikelina, ita da muciyarta, tana tsokanata ina ƙoƙarin kada in yi dariya in zubar da awo.

Saura abu guda. Ban ga ƙafar Inna ba. Ba duk tsagewar fata ce faso ba. Akwai wadda ƙwayar cuta ke kawowa, akwai kuma wadda ke tafe da ciwon sukari, wadda in aka sa mata irin wannan hoda sai ta zama gyambo. Na gaya wa Iya cewa sai na duba da idona.

Ta dube ni. Sannan ta ce, “Ka san abin da kake nema kuwa? Ko ranar da aka haife ka ba ta yarda an ga tana kallonka ba.”

“Na sani, Iya. Amma ba zan ba da magani a makance ba.”

“To, gobe da hantsi ka shigo. Kada ka yi sallama da ƙarfi, kada kuma ka yi mata magana. Ni za ka yi wa.”

Washegari na shiga. An saki asabarin ƙofar ɗakin Inna har ƙasa. Iya tana zaune a bakin ƙofar a kan kujera 'yar tsugunne, da ƙwaryar ruwan bagaruwa a gabanta. Daga ƙarƙashin asabarin ƙafafu biyu ne suka fito, an ɗora su a kan tabarma, sauran jikin yana ciki. Na durƙusa. Ban taɓa ganin ƙafafun mahaifiyata kusa haka ba. Ƙanana ne, sun fi yadda nake zato ƙanƙanta, da sauran jan lalle na salla a farcen. Tsagar dunduniyar hagu ta yi zurfi ƙwarai. Na tuna cewa da wannan ƙafar take tsayawa a bakin tukunyar sabulu tun ina firamare.

Na daidaita muryata na ce, “Iya, ki tambaya ko tsakanin yatsun yana ƙaiƙayi.”

Iya ta juya ga asabari. “Ke, mijina ya ce ko yana ƙaiƙayi.”

Daga ciki aka ce, a hankali, “Ki ce ba ya yi.”

“Ta ce ba ya yi.”

“Ki tambaya ko ana yawan jin ƙishirwa, ko yawan fita bayan gida.”

“Kai, wannan miji da bin diddigi! Ke, kin ji.”

“Ki ce lafiya lau.”

Haka muka yi ta yi, magana tana bi ta wurin Iya tana dawowa, alhali tsakanina da mai amsawar bai fi kamu biyu ba. A ƙarshe ina bukatar in san ko tana jin taɓi sosai a tafin ƙafar. Na zare tsinke daga tsintsiya na miƙa wa Iya, ta ture hannuna ta ce idonta ba ya gani, in yi da kaina. Na ja tsinken a tsakiyar tafin. Ƙafar ta zabura ta shige ciki, sai na ji dariya ta kuɓuce a bayan asabarin, gajeriya, aka yi maza aka danne ta. Ban taɓa yin abin da ya ba Inna dariya ba sai ranar. Na miƙe na ce wa Iya faso ne kawai, da yardar Allah zai warke. Na fita zaure na daɗe a tsaye kafin in iya tafiya aiki.

Iya ta ɗauki jinyar a hannunta. Ta hana Inna kusantar tukunyar sabulu, ta sa ƙannena mata suka karɓi aikin. Kullum da yamma takan kawo mini rahoto, tana kwatanta tsagar da tsawon gaɓar yatsanta. Kafin watan Shawwal ya ƙare jinin ya tsaya. Muka shiga kashi na biyu, kaurin ya fara saki. Na sayo safa a kantin wani ɗan kasuwa Ibo da ke bakin tasha, domin a riƙa sawa bayan an shafa man. A wurinsa kuma na samo gwangwani mai murfin da ke rufuwa gam, wanda za a zuba na tafiya. Wata rana ina zaure na ji ƙanwata tana cewa Inna ta je gidan suna a ƙafa har ƙofar gari ta dawo.

Da tafiya ta matso muka haɗa na guzuri, na cika gwangwanin, na bar shi a ɗakin Iya ya huce. Ana saura 'yan kwanaki a tashi aka fito da kayan Inna gaban mahaifina domin ya sa albarka. Malam, kamar yadda kowa ke kiransa har mu 'ya'yansa, malamin zaure ne, mai ƙarancin magana. Yana duba kayan ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan gwangwanin. Ya buɗe, ya kai hanci, ya ɗago ya dube ni.

“Wannan da shi za ta shiga harami?”

Na ce, “Da shi ne, Malam.”

“Akwai turare a ciki.”

Na karɓa na sansana. Kanumfari ne da kajiji, har da ɗan humra. Na waiwaya. Iya tana zaune a gefe tana gyara bakin mayafinta, ta ƙi kallon kowa.

Malam ya yi bayani a natse, cikin ladabin da yake yi wa surukarsa. Ya ce wanda ya ɗaura harami an hana shi turare. Shafa mai a tafin ƙafa saboda faso, in man ba shi da ƙamshi, babu laifi kuma babu fidiya. Amma wannan, in ta shafa, sai ta yi fidiya.

Iya ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Allah ya gafarta Malam, ni dai na ga 'yata za ta je gaban Ɗakin Allah. Shi ke nan sai ta je tana warin kaɗanya kamar tsohon kasko? Matan duniya duka suna wurin.”

Malam ya sunkuyar da kai, na ga gemunsa yana motsi. Ya ce, “Iya, ai a wurin kowa da ƙurarsa da guminsa yake zuwa. Haka aka fi so.”

Da muka koma gidanta na ce, “Iya, a bayan idona?”

“To, da a gaban idonka zan yi? Kai da ko gishiri sai ka ɗora a sikeli.” Sai muryarta ta sauka. “Ni ban je ba, maigida, ban san dokar wurin ba. Na so ne in sa mata wani abu nawa a cikin jakar.”

Na ce mata bagaruwar da ta rufe tsagar tata ce, bugun da ya sa man ya yi santsi nata ne. Ta share ido da gefen mayafi. Na fahimci warin nan yana damunta da gaske, don haka na nemi hanyar rage shi ba tare da an ƙara komai ba. Muna da sauran man kaɗanya. Muka narka shi, muka wanke shi da ruwan zafi, muka bar ruwan ya kwanta muka kwashe man. Na daka gawayi mai tsabta na zuba a ciki, ya jima, sannan muka tace da farin ƙyalle ninki-ninki, muka maimaita har man ya fito garau. Gawayi yana shanye wari, wannan a aji na koye shi. Iya ta tsaya a kaina tana cewa yau ga wanda zai wanke abu da baƙi. Da ya huce ta shafa a bayan hannunta, ta sansana, ta sake sansanawa.

“Bai yi ƙamshi ba,” in ji ta, “amma ba zai kunyata mu ba.”

Na kai wa Malam ya sansana, ya ce ya yi. Mai turaren kuwa Iya ta riƙe abinta, ta ce ladan kaka ne, da shi za ta yi mini kwalliya.

Ranar tafiya muka raka su tasha. Inna ta yi sallama da kowa, ta bi ƙannena ɗaya ɗaya tana dafa kawunansu. Da ta zo kusa da inda nake, ta tsaya ta gyara ɗaurin jakarta, ta ce wa Iya, “A ci gaba da yi mana addu'a, har da waɗanda ke tsaye.” Ta hau mota.

Babu wani labari da ya zo mana sai na rediyo, wanda ke faɗin an yi tsayuwar Arfa lafiya. Na yi ta lissafin abubuwan da ka iya faruwa: ko man ya narke, ko tsagar ta buɗe saboda yawan tafiya, ko jakar ta ɓata a filin jirgi. Iya ta ce in na ci gaba da wannan fuskar za ta kai ƙarata wurin alƙali a raba auren.

Sun dawo bayan babbar salla da 'yan makonni. Tsakar gidanmu ta cika da mata 'yan barka, ana rabon dabino da ruwan Zamzam a ƙananan kofuna. Na shiga na durƙusa daga nesa na yi barka da sauka, aka amsa mini a taƙaice kamar kullum. Ban tashi ba. Abu guda nake so in ji, ba ni kuma da hanyar tambaya. Kawu ne ya hango ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Likita, me kuka shafa wa yayata ne? Tsakanin Safa da Marwa ni nake haki, ita tana waiwayowa tana cewa in ɗaga ƙafa.”

Mata suka sa dariya. Maƙwabciyar nan tamu ta ce, “Hajiya, ashe ba a ɗauke ki ba?”

Inna ta ce, “Da ƙafata na yi. Ɗawafin, da Safa da Marwa, da jifa, duka da ƙafata.”

Na yi hamdala a zuciyata. Ina shirin miƙewa sai ta juya ga Iya, ta ɗan rage murya, amma ba ta rage ta yadda ba zan ji ba.

“Iya, gwangwanin nan bai kai mu ƙarshe ba. A Mina akwai wata mutuniyar garin Babban Mutum a tantinmu, tata ƙafar ta fi tawa lalacewa, muka riƙa raba shi da ita. Na yi mata kwatancen gida, ta ce za ta aiko. Ki gaya wa mijinki ya ƙara yin wani. Ki ce ya samo gwangwanin da ya fi wancan girma.”

Iya ta juyo gare ni, fuskarta cike da fara'a. “To, ka ji. Amma in matar ta aiko, a ce mata man Iya ne. Kai awo kawai ka yi.”

Na ce na amince. Washegari, kafin in tafi aiki, na biya kasuwa neman fataken kaɗanya.